Tambayi Likita: Rawar Farko a Bikin Kuroshiya ga Ango Mai Asma

Saƙonnin wannan makon duk na biki ɗaya ne. Wani ɗanmu da ke aiki a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, zai auri 'yar ƙasar, shi da danginsa kuma kowa ya aiko da abin da ke damunsa. Na haɗa su wuri guda.

Assalamu alaikum Likita. Za a ɗaura mana aure a masallacin Zagreb, daga nan a yi liyafa irin ta dangin amarya. A al'adarsu ango da amarya ne ke buɗe fili da rawar da suke kira prvi ples, wato rawar farko, kowa yana kallo. Amarya ta bar min zaɓin waƙa, da sharaɗin ta zama ta soyayya kuma da harshensu. Ni ina da asma tun ina yaro, ko matakala na hau da sauri sai ƙirjina ya riƙe. Wace irin waƙa zan zaɓa? (Ango, Zagreb)

Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya albarka. Sunan waƙa tsakaninka da amarya ne. Ni ma'auni zan ba ka, ka auna duk waƙar da aka kawo maka da shi.

Fara da saurin kiɗan. Rawar farko a can yawanci valcer ce, wato rawar da namiji da mace ke riƙe juna suna takawa tare, ita kuma iri biyu ce. Akwai ta Ingila mai tafiya a hankali, bugu 84 zuwa 90 a minti. Akwai ta Biyena mai bugu wajen 180 a minti, wadda ake ta juyi ba tsayawa. Mai asma da bai saba ba, kafin a kai rabin ta biyun ya fara haki, ga jiri kuma. Kunna waƙar, ka riƙa buga yatsa a tebur tare da kiɗan na tsawon daƙiƙa 15, ka ninka abin da ka ƙirga sau huɗu. Idan bai kai 95 ba, ta yi. Bayan haka ku taka ta a ɗaki daga farko har ƙarshe kana yi wa amarya magana. Idan kana iya gama zance ba tare da ka tsaya jan numfashi ba, huhunka ya amince da ita. Minti biyu da rabi zuwa uku ya isa, kuma makaɗa sun saba gajarta waƙa idan an roƙe su.

Za a ce maka ka ɗauko daga waƙoƙin klapa, na mutanen Dalmashiya da ke gaɓar tekun Adriyatik, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2012. Suna da sanyi, sun dace da ƙirji irin naka. Sai dai klapa ta asali murya ce zalla babu kayan kiɗa, mawaƙan suna ja suna saki yadda suka ga dama, wanda bai iya rawa ba sai ya rasa inda zai sa ƙafa. Nemi wadda aka yi da jita ko mandolin, mai bugu tsayayye. Kuma ka zaunar da amarya ta fassara maka baitocin ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga waƙoƙin soyayyar gaɓar tekun nan na rabuwa ne da kewa. Za ka ji ljubav, wato so, ka ji srce, wato zuciya, ranka ya yi fari, alhali can a tsakiya akwai zbogom, wato sallamar bankwana.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hayaƙi. Masu shirya biki a can suna son sakin hazo a ƙafafun ango da amarya lokacin wannan rawa, abokai kuma su kunna wutar tartsatsi mai jan hayaƙi a ƙofar zauren. Hazon injin hayaƙi da hayaƙin tartsatsin duka suna tayar da asma. Ka gaya musu tun yanzu a bar injin a kashe, in za a kunna wutar a waje kuma ka tsaya ta inda iska ke fitowa.

Ka shaƙi inhelarka mai shuɗi, salbutamol, sau biyu, minti 10 zuwa 15 kafin a kira ku, sannan ka bar ta a aljihun babban aboki. Asmar motsa jiki ta fi tasowa minti 5 zuwa 10 bayan an tsaya, daidai lokacin da masu tamburica, wato abin kiɗansu mai tsirkiya, za su ɗaga kiɗa a ja ka cikin kolo, rawar da'ira mai sauri. Zauna ka huta tukuna. Maganar matakala da ka yi kuma ba ta kwanta min ba. Wanda ke neman inhela mai shuɗi fiye da sau biyu a mako, asmarsa ba ta lafa ba, yana bukatar ta rigakafi da ake shaƙa kullum. Je wurin likitanka a wannan makon, domin ta rigakafin tana ɗaukar makonni kafin ta kama jiki sosai.

Likita, ni ne babban abokin ango. Da an yi maganar rawar nan sai gabansa ya faɗi, hannunsa ya kama rawa. Wani ya ce in samo masa propranolol, wani kawun amarya kuma ya ce kurɓi ɗaya na rakija zai warware shi. (Abokin ango, Rijeka)

Ɗan'uwa, kada ka kuskura ka ba shi propranolol. Gaskiya ne yana rage bugun zuciya da rawar hannu, amma yana matse hanyoyin iska a huhu, kuma yana hana salbutamol aiki a lokacin da ake bukatarsa. Ga mai asma, wannan na iya kai wa ga rasa rai. Rakija kuwa barasa ce mai ƙarfi, wajen kashi 40 cikin ɗari, ko an ajiye maganar addini gefe tana ƙara jiri ga mai juyi. Ku gode wa kawu, ku karɓi ruwa.

Maganin wannan fargaba maimaici ne. Su taka rawar sau goma ko fiye, biyu daga ciki a gaban mutane, ɗaya da takalmin da zai sa ranar. Kafin a kira su, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, na tsawon minti biyu. Ka ajiye lambar motar asibiti a wayarka: 194, ko 112.

Likita, Babanmu zai je bikin. Shekarunsa 68, yana allurar insulin safe da yamma. An ce liyafarsu har asuba ake kaiwa. Me za mu kiyaye? (Yayar ango, Kano)

Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Hatsarin da na fi jiye masa shi ne faɗuwar suga. A bikin can ana kawo abinci kashi-kashi ne, miya yanzu, gasasshen nama bayan awa ɗaya ko biyu, kek da tsakar dare, wani abincin kuma bayan haka. Idan Baba ya yi allurar yamma a lokacin da ya saba, sannan abin da aka fara ajiyewa ya zama pršut, wato busasshen naman alade da ba zai ci ba, zai zauna da insulin a jiki da ciki wayam. Kada ya yi allurar sai abincin da zai ci yana gabansa. Ku yi magana da masu girki tun da wuri. Akwai cibiyar tantance halal ta al'ummar Musulmin Kuroshiya a Zagreb, za ta iya nuna muku inda za a samu nama. Ku tambaya musamman a kan sarma, ganyen kabeji da ake naɗe nama a ciki, domin sau da yawa da alade ake haɗawa.

Alamomin faɗuwar suga su ne gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani da rikicewar magana. Idan na'urarsa ta nuna ƙasa da 70, ku ba shi rabin kofin lemo mai suga ko sukari cokali uku na shayi a ruwa, ku sake aunawa bayan minti 15. A asibitocin can da wani ma'aunin suke amfani, 70 ɗinmu shi ne 3.9 a wurinsu, kada lambar ta ruɗe ku. Insulin a jakar hannu ake sa shi, domin sanyin cikin ɗakin kaya na jirgi yana lalata shi, a haɗa da takardar likita. Lokacin allura ba zai canja sosai ba: agogonsu da namu ɗaya ne a lokacin sanyinsu, awa ɗaya kawai suke gaba a lokacin zafi. Ba dole ne ya kai asuba ba. Da an yanka kek, a raka shi masauki.

Zan je da ɗana mai wata takwas. Ƙarar kiɗa za ta cutar da shi? (Ƙanwar ango, Abuja)

Za ta iya, ƙanwata. A kusa da lasifika ƙara takan kai desibel 100, wanda ko babba bai kamata ya wuce minti 15 a cikinta ba. Auduga ba ta tare komai. Ki saya masa abin rufe kunne na jarirai mai kama da hedifon, ki zauna nesa da makaɗa. Idan sai kin ɗaga murya kafin wanda ke gefenki ya ji ki, ki fita da shi. Haka ma lokacin jerin gwanon motoci, don hon suke dannawa tun daga gida har zaure.

Likita, ɗana AS ne. Na ce a yi wa yarinyar gwaji, aka ce min Turawa ba su da sikila. Haka ne? (Mahaifiyar ango, Kano)

Mama, kin yi daidai da kika tsaya a kan wannan magana. Ƙwayar sikila ba ta da yawa a Kuroshiya, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata larurar jini ta gado mai suna beta talasimiya, wadda ake samu a ƙasashen gaɓar Bahar Rum irin su Italiya da Girka, har da gaɓar Kuroshiya. Mai ɗauke da rabinta lafiyarsa ƙalau, kamar dai mai AS, sau da yawa bai ma san yana da ita ba. Idan mai AS ya auri mai ɗauke da ita, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar yaron da ya gaji S daga uba da talasimiya daga uwa. Wannan yaron ciwon sikila gare shi, da ciwon ƙashi da ƙarancin jini da kwanciya asibiti, wani lokaci tsananinsa daidai da na SS.

Gwajin jinotayif da muka saba yi a gida yakan nuna irin wannan mutum a matsayin AA, shi ya sa ake kuskure. Abin da yarinyar za ta nema shi ne cikakken awon jini, a duba girman jajayen ƙwayoyi, wato MCV, sannan a auna HbA2, wani nau'in sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin. Idan MCV ya gaza 80 kuma HbA2 ya haura kashi 3.5 cikin ɗari, tana ɗauke da ita. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ma yana ƙanƙanta ƙwayoyin jini, don haka a auna shi tare. Likitan iyalinta zai rubuta mata takardar zuwa ɗakin gwaji, jini kaɗan ake ɗiba a hannu. Ki sa ɗanki ya kai takardar sakamakonsa na AS su nuna wa likitan tare, kafin ranar ɗaurin aure.