Amsa: Ina ake kai oksijin da zafin da ke fita wajen samar da haidurojin?

Malam, ka tambaya ko abin da na'urar da ke amfani da lantarki ta raba ruwa zuwa haidurojin da oksijin ke zubarwa zai iya rage tsadar haidurojin. Zai iya, in mai saye yana kusa.

Kowane kilo 1 na haidurojin yana cin ruwa kusan kilo 9, ya bar oksijin kilo 8. Galibi sakinsa ake yi a iska, domin matse shi a tukwane da jigilarsa suna cinye ribar. Inda yake biya shi ne a ja bututu zuwa matatar ruwan ƙazanta, tafkin kiwon kifi ko murhun narka gilashi da ke makwabtaka. Na asibiti kuwa sai an busar da shi an tace.

A kula da wannan: idan na'urar na aiki ƙasa-ƙasa, kamar lokacin da gajimare ya rufe solar da ke ba ta wuta, haidurojin yakan ratsa shamakin da ke raba shi da oksijin ya shiga ɓangaren oksijin. Ya kai kashi 4 cikin 100, tartsatsi ɗaya ya isa ya jawo fashewa. Shi ya sa ake saita ta ta mutu da kanta a kashi 2. Kada maiƙo ko giris ya taɓa bawul ɗin oksijin.

Zafin kuma, daga kilowat-awa 50 zuwa 55 da kilo guda ke ci, wajen 10 zuwa 15 ne ke zama ɗumi mai digiri 50 zuwa 80. Ba zai juya injin tururi ba, sai dai busar da kaya ko ɗumama ruwa.

In daga iskar gas ake samar da haidurojin, ana iya juya kabon dayoksaid ɗin da ke fita zuwa takin yuriya, kamar a masana'antar Dangote da ke Lekki. Amma fa da an zuba takin a gona, kabon ɗin komawa sama yake yi.