Nottingham ta Malesiya: digirin Ingila ne da gaske ko dai suna ne kawai?

Tambaya: Salam Malam. Na gama sakandare da WAEC, ina son injiniyanci a waje amma kuɗin Ingila ya fi ƙarfin Baba. Wani ajan ya ce min in tafi Nottingham ta Malesiya, wai duk ɗaya ne kuma zan iya aiki in biya wa kaina kuɗin makaranta. Gaskiya ne? Ya rayuwar can take?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ajan ɗinka ya faɗi gaskiya a rabin farko, rabi na biyun kuma ya yi maka daɗin baki.

Makarantar dai ta gaske ce, reshen Jami'ar Nottingham ta Ingila ne, an buɗe shi a shekarar 2000 a Kwala Lamfur, sannan a 2005 suka koma babban filinsu a Semenyih cikin jihar Selangor. Takardar digirin uwar jami'ar ce ke bayarwa, da Turanci ake koyarwa, kuɗin kuma da ringgit, wato kuɗin Malesiya, za ka biya ba fam ba, nan sauƙin yake. Amma da WAEC kaɗai ba kai tsaye za ka faɗa digiri ba, sai ka fara yin shekarar share fage, wato fandeshan, to ka sa wannan shekarar a lissafi tun yanzu don ajan-ajan ba sa son ambatonta. Kwasa-kwasai akwai injiniyanci kala-kala, kwamfuta, kasuwanci, tattalin arziki, ilimin haɗa magunguna da sauransu, kuma akwai tsarin da ɗalibi zai je Ingila ko reshensu na Ningbo a Sin ya yi zango ɗaya ko shekara ya dawo, sai dai sai makinka ya yi kyau tukunna.

Maganar aiki kuwa, ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Dokar Malesiya ta yarda ɗalibin waje ya yi aiki awa 20 a sati ne kawai, shi ma sai lokacin hutun zango ko hutun da ya wuce kwana 7, a wurare ƙididdigaggu irin gidan abinci, gidan mai, ƙaramin kanti da otal, kuma sai imigireshan ta ba ka izini. Wannan ko kuɗin haya da ƙyar, balle kuɗin makaranta. Sannan izinin zama a yi aiki bayan kammala karatu da Ingila ke ba ɗalibanta, na wanda ya zauna a Ingilar ya yi karatu ne, kai da ka yi a Semenyih ba ka ciki duk da sunan jami'ar ɗaya ne. In dama burinka ka bi ta nan ka sulale Landan ne, gara ka sani tun yanzu.

Biza ta hannun EMGS take bi, wato hukumar Malesiya mai kula da bizar ɗaliban waje, makaranta ce ke nema maka takardar amincewa kafin ka taso, kana sauka a yi maka gwajin lafiya, kuma duk shekara sai an sabunta, za su duba halartar aji kashi 80 cikin 100 da kuma makinka. Yawan fashin lakca kaɗai ya isa ya jawo maka matsala.

Semenyih ba birni ba ne, ka daina hango dogayen benayen da kake gani a hoto. Gefen gari ne, gonakin kwakwar manja da tsaunuka, zafi da gumi duk shekara ga ruwan sama ba sallama. Akwai hostel a ciki, wasu kuma su haɗa kuɗi su kama gida a unguwar da ke maƙwabtaka da makarantar, wadda ɗalibai ke kira TTS. In za ka shiga gari sai ka hau motar makaranta zuwa garin Kajang da ke kusa ka kama jirgin ƙasa, ko ka kira tasi ta manhajar Grab. Abinci halal ko'ina, masallaci ba wahala, da dare ka zauna shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, ka ci gurasar da suke kira roti canai da shayin madara mai kumfa da kuɗi kaɗan, sai dai shinkafa za ka ci har ka gaji, don haka ka taho da yajinka. Ni a ganina wannan shirun na wajen ma alheri ne ga mai karatun injiniya.

Kafin Baba ya tura ko sisi, ka nemi gurbin da kanka ta shafin jami'ar, ka ga takardar kuɗi daga wurinsu, a biya cikin asusun makaranta ba na ajan ba.