Faifai Ko Saukewa: Wanne Ne Nawa Na Gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗin PlayStation 5, yanzu sun kusa cika. To ga ta iri biyu, mai cin faifai da wadda sai dai a sauke wasa ta intanet, kuma ta biyun ta fi sauƙin kuɗi. Abokaina sun rabu gida biyu. Wasu na cewa faifai kayan tsofaffi ne, wasu na cewa wanda ya sauke wasa bai mallaki komai ba. Wacce zan ɗauka?
*Ƙaninka, mai son buga ƙwallo a fad, wato abin sarrafa wasa na hannu*

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Bari in ba ka amsar kafin in cika ka da surutu: ka ƙara haƙuri kuɗin su cika sosai, ka ɗauki mai cin faifai. Ba don faifai ya fi saukewa a kowane hali ba. Mai cin faifai tana yin duka biyun, ɗayar kuwa abu guda ta iya. Ran da ka shiga da marar faifan gida, ka ɗaure kanka da kanti ɗaya tak, na Sony, abin da suka rubuta shi za ka biya, ba tayi, ba ragi sai ranar da suka ga dama. Ba aro wurin aboki, ba sayen na hannu, ba sayar da wanda ka gama. Rangwamen da ka samu ranar farko, wasa uku ko huɗu sun isa su cinye shi. In dai dole sai marar faifan, ka nemi siririyar da ta fito a 2023, don ita ana iya saya mata gidan faifai daga baya a maƙala. Ta farkon, ta 2020, ba ta karɓa.

Abokanka kuwa kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne yana jijjigawa. Masu cewa duniya ta koma saukewa ba su yi ƙarya ba. A alƙaluman da Sony ke fitarwa a 'yan shekarun nan, cikin kowane wasa goma da ake saye a na'urorinta, bakwai ko fiye saukewa ake yi. Xbox Series S, na'urar Microsoft, ba ta da ramin faifai kwata-kwata. PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024, duk tsadarta, haka ta zo ba shi. Masu kwamfuta kuwa sun daɗe da sallama faifai, tun da kamfanin Valve ya buɗe Steam, kantinsa na wasanni a intanet, a 2003 aka fara gangarawa.

Ni ma da nake ba ka shawarar faifai, kada ka ɗauke ni waliyyi. Ina da kanta cike da kwalayen wasa, na jera su har ina kakkaɓe musu ƙura, amma ƙwallon da nake bugawa kusan kullum da dare saukewa na yi. Dalili kuwa lalaci. Mutum ya miƙe ƙafa a kujera, fad na hannunsa, a ce sai ya tashi ya zare wannan faifai, ya nemo kwalinsa, ya tarar wani wasan ne daban a ciki saboda yara sun yi musaya? Wanda ya ɗanɗana danna maɓalli sau biyu ya shiga wasa, da wuya ya koma.

Sai dai masu cewa ba ka mallaki komai ba, maganarsu ta fi nauyi fiye da yadda su kansu suka sani. Abin da kake biya a kantin intanet izinin yin wasan ne, lasisi, an ɗaura shi a akawun ɗinka. Yana rubuce a cikin doguwar yarjejeniyar nan da dukkanmu muke amincewa da ita ba mu karanta ba. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024, wadda ta tilasta wa kantunan su fito fili su gaya wa mutum cewa lasisi yake karɓa idan sun rubuta masa "saya". Tun kafin dokar ta fara aiki Steam ta maƙala wannan sanarwar a wurin biya. Zanen aro ne, kuma ka san abin da aka ce a kansa, ba ya rufe katara. In aka rufe akawun ɗinka, ko wani ya ƙwace shi ba ka iya dawo da shi ba, duk abin da ka tara ya tafi a dare ɗaya.

Kantunan su ma mutuwa suke yi. Nintendo ta rufe na 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Gaskiya ne wanda ya riga ya saya an bar shi ya sake saukewa, amma wasan da bai taɓa fitowa a faifai ko a kantin wata na'ura ba, sabon mutum ba shi da hanyar sayensa kuma. Sony ma ta yi niyyar rufe na PS3 da Vita a 2021, sai da aka yi mata ca sannan ta janye. Labarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na P.T., wani ɗan gajeren wasan ban tsoro da Konami ta saki kyauta a 2014. A shekarar da ta biyo baya aka cire shi, har wanda ya taɓa saukewa ya goge aka hana shi ya sake. Sai ga mutane suna tallar tsofaffin PS4 ɗinsu da tsada don kawai wasan na ciki.

To kada ka ji wannan ka ce shi ke nan, faifai ne mafita. A nan ne nake rabuwa da 'yan'uwana masu jera kwalaye. Faifan da muke kewa na zamanin PS2 ne, wanda wasan ke ciki ɗungurungum, ka saka, ya yi ƙugi, ya tashi. Na yau ba haka yake ba. PS5 ba ta yin wasa daga faifai kai tsaye, sai ta kwashe shi kaf ta zuba a ma'ajinta, daga nan faifan ya zama makulli kawai. Saboda haka ko wuri ba ya rage maka. Na'urar farko an rubuta mata gigabait 825, amma abin da ke hannunka bai wuce 667 ba, kuma manyan wasanni da yawa sun haura gigabait 100 kowanne.

Na taɓa sayo wani faifai ina ɗokin in kwana a kansa. Na ɓare ledar, na shaƙi ƙamshin sabon kwali kamar yadda na saba, na saka. Sai allo ya nuna min sai an sauke sabuntawa ta gigabait 30 da ɗoriya kafin a taka ko'ina. Na zauna ina kallon layin nan yana rarrafe, yana cewa saura awa shida, can ya ce saura tara. Na kashe fitila na kwanta. Kuma nawa mai sauƙi ne. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022, abin da ke cikinsa megabait 70 ne da 'yan kai, ko bidiyon waya na minti kaɗan ya fi shi. Sauran duka sai an sauke.

Wanda ya fi kowa shan haushi shi ne mai faifan The Crew, wasan tseren mota da Ubisoft ta fitar a 2014. Wasa ne da ba ya tashi sai ya gaisa da manyan kwamfutocin kamfanin. A ƙarshen Maris 2024 aka kashe su. Mai faifai da mai saukewa suka zama ɗaya, sai dai mai faifai ya fi da kwali. Wannan ne ya tunzura wani mai bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025.

Shi ya sa in zan sayi wasa yanzu, ba na fara tambayar faifai ne ko saukewa. Tambayata ita ce, in na zare intanet, zai tashi? In zai tashi, kuma wasan labari ne da zan gama cikin wata guda, faifai nake saye, in na gama in bayar aro ko in sayar in cika in sayi wani. In kuwa na buga wa da mutane ne ta intanet, irin ƙwallonka da ake sake sabo kowace shekara, saukewa nake yi ba tare da wani dogon tunani ba, don faifan bara ba wanda zai taya maka shi da daraja. Ka riƙa duba kwali kafin ka biya, waɗanda ke buƙatar intanet sukan rubuta, ko da da ƙananan haruffa ne.

Wannan 'yancin ba da aro ma ba kyauta aka same shi ba. A 2013 Microsoft ta sanar cewa Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya kowace awa 24, kuma za a taƙaita sayar da faifan hannu. Sony ta mayar da martani da wani ɗan bidiyo na 'yan daƙiƙu, wai darasin yadda ake ba da aron wasa a PS4: babban jami'inta Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa kwali, wancan ya karɓa ya yi godiya, darasi ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ta lashe amanta.

Tambaya: Malam, yarana biyu ne, kowa da Nintendo Switch ɗinsa, kullum rigima a kan wasa. Kaset zan riƙa saya musu ko in sauke? Ƙaramin kuma komai ya samu sai baki.
*Maman 'yan biyu*

Amsa: Hajiya, Allah ya raya su. Kaset za ki saya. Guda ɗaya ya ishe su, wannan ya zare ya miƙa wa wancan, kuma ranar da suka ƙi karatu sai ki zare ki jefa a jaka, magana ta ƙare. Wasan da aka sauke yana manne da akawun, raba shi tsakanin na'ura biyu yana yiwuwa amma sai kin zauna kin yi ta saiti, kuma duk ranar da ya rikice ke za a kira.

Batun baki, Nintendo ta riga ki tunani. Kaset ɗin Switch an shafe shi da wani sinadari mai tsananin ɗaci don yaro ya tofar. Na lasa da kaina don in tabbatar, kada ki tambaye ni dalili, sai da na kuskure baki sau uku. Duk da haka a ajiye shi nesa da ƙaramin, ɗaci ba ya hana ɓata, abin kuwa bai fi kan babban yatsa ba.

In kuka koma Switch 2, wadda ta fito a Yunin 2025, ki lura da wani sabon salo: akwai kaset ɗin da makulli ne zalla, babu wasa a ciki, sai an sauke. Ana iya ba da aronsa ko a sayar, amma ba zai yi komai ba a ranar farko in babu intanet. Ana rubutawa a gaban kwalin. Sannan ko me kika zaɓa, kada ki bar katin bankinki a ajiye cikin na'urar yaro.

Tambaya: Na sayi faifai, na kuma sayi ƙarin babin wasan a kantin PlayStation, amma ya ƙi fitowa. An cuce ni ne?
*Wani mai karatu*

Amsa: Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa, yanki ne ya saɓa. Faifan PS4 da PS5 yana tashi a kowace na'ura, amma ƙarin da ake saukewa sau da yawa sai ya fito daga kantin yankin da aka buga faifan. Mai faifan Turai da akawun ɗin Amurka yakan faɗa wannan ramin. Ƙasar akawun kuwa ba ta canzuwa bayan an buɗe. Duba bayan kwalin ka gane yankinsa, nan gaba ka saya daga kantin da ya dace.

Tambaya: Malam, yayana ya rasu watanni uku da suka wuce. Ya bar kwamfutarsa da wasanni sama da ɗari a Steam, tare muke yin wasu tun ina ƙarami. Zan iya mayar da su sunana?
*Ƙaninka*

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙurin rashi. Na daɗe ina juya wasiƙarka kafin in amsa.

A ƙa'idar Valve, akawun na mutum ɗaya ne, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, kuma ba su da hanyar mayar da wasanni daga wani akawun zuwa wani. Da faifai ɗari ya bari, da yanzu suna cikin kayan da za a lissafa a raba. Ka ga inda maganar lasisi ta daina zama gardamar abokai. Wannan ne ya sa wasu ke sayayya a GOG, kantin da CD Projekt na ƙasar Foland ya kafa a 2008, inda ake ba ka fayil ɗin girka wasan ka adana a naka ma'ajin, ya yi aiki ko babu intanet.

Abin da zan ce ka yi yanzu kaɗan ne. Kada a goge kwamfutar, kada a sayar da ita da gaggawa, kada kuma a bar layin wayarsa da imel ɗinsa su mutu, don duk wata shaidar shiga ta nan take zuwa. Ka yi shawara da sauran magada kafin ka taɓa komai. In ka samu dama, ka kwafi fayilolin ajiyarsa na wasannin da kuka yi tare ka adana daban. Ƙanana ne, filashi ɗaya ya ishe su, kuma a cikinsu ne za ka tarar da sunan da ya raɗa wa gwarzonsa da daidai wurin da ya tsaya.