Tambayi Bakanike: MGB ɗin da ta kwana shekara 14 a rumfa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata 'yar mota ja a rumfar gidanmu na Birni. MGB ce, buɗaɗɗiya mai kujera biyu, takardunta sun nuna 1971, daga Kano ya sayo ta, sitiyarinta a dama. Shekara 14 ke nan ba ta motsa ba. Da aka raba gado ta faɗo a kasona. Bakaniken unguwarmu ya ce in ina son in huta a cire injin a dasa na Toyota. Me ka gani? Daga wani mai karatu, Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makoma. Kada ka bari kowa ya ɗaga injin nan tukuna. Mai cewa a cire shi bai ji ƙararsa ba, bai auna ƙarfin silinda ko ɗaya ba, to da me ya yanke masa hukunci?

Injin da ke cikin motarka mai silinda huɗu ne, 1798 cc, zubin baƙin ƙarfe tun daga gindi har kai. Ina yaro a gareji na wanke irinsa da kananzir har hannuna ya yi kanta, kuma ban taɓa ganin wanda zama kawai ya kashe ba. An ƙera MGB a garin Abingdon kusa da Oxford daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan, shi ya sa har yau ana buga mata sabbin kaya a Ingila, har gangar jikin sukutum ana yi. Kuɗin aikowa da na duwan ne za su cije ka, amma kayan suna nan.

Allah ya yi maka gata guda wanda Turawan can ba su da shi. A ƙasarsu ana watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa ta cinye ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, kuma MGB ba ta da shasi dabam, wannan ƙarfen ne ƙashin bayanta. Busasshiyar iskar Damagaram ba ta cin ƙarfe. Roba take ci, da fata, da rufin waya. Duk da haka ka kwanta ƙarƙashinta da tocila ka ƙwanƙwasa gefunan biyu, musamman in rumfar tana yoyo da damina, ka kuma duba ko ɓeraye sun yi sheƙa a bayan allon agoguna.

Ga yadda ake tashin mai dogon barci. Ka kwance buji huɗun, wato filogi a bakin mutanen Kano, ka zuba cokali biyu na baƙin mai haɗe da gazuwal a kowane rami, ka bar ta mako guda. Sannan ka sa giya ta huɗu, kai da yara biyu ku riƙa rausaya motar gaba da baya a hankali har ka ga fanka ta motsa. Ban yarda a ɗaure ta da igiya a ja ta da wata mota ba. Haka ake karya zoben fistin, aikin mako guda ya koma na wata uku.

In ta juya, a zubar da tsohon baƙin mai a sa 20W-50 da sabuwar matata, a sauke tanki a wanke, don man da ya shekara 14 ya zama danƙo. Batir kuma kada ka neme shi a gaba. Yana bayan kujeru ƙarƙashin wani murfi, guda biyu ne masu bolt 6 a jone da juna. Ƙarami guda mai bolt 12 zai shiga rami ɗaya ya yi aikin. Taka ta 1971 ƙafar nagatif ce ke haɗe da jikin mota, amma waɗanda suka girmi ƙarshen 1967 akasin haka ne, mai irinsu ya kula. Ka juya injin babu buji har allurar agogon baƙin mai ta ɗaga, sannan ka mayar da su. Da ka murɗa makulli za ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga baya wajen tayar dama: famfon mai ne na lantarki. In ya yi shiru, ɗan bugu da ƙotar sukudireba yakan farkar da shi, amma daga baya a buɗe a goge bakinsa.

Birki shi ne abin da ke hana ni barci. Mai sitiyari a dama ta wannan shekarar layi ɗaya ne ke kai mai ga tayoyi huɗu. Tiyo guda ya fashe, ba ka da komai sai birkin hannu. A canza tiyoyin roba duka, da robobin cikin famfon birki da na kuloci, da tayoyin kansu ko da zanensu bai goge ba. Man birki DOT 4. Na faɗi wannan da ƙarfi saboda a ƙasarmu ta saba da motocin Faransa har yanzu akwai koren man nan na Citroën, LHM, a kan kantoci. Wani yaro da ya taɓa zama a hannuna ya zuba shi a wata tsohuwar motar Ingila ba da sanina ba, kwana biyu robobin suka kumbura kamar ƙullin fanke, sai da muka sake komai daga farko.

Sai maganar sifana, wadda a nan ne yawancin motocin nan suke lalacewa a hannunmu. Notocinta na inci ne. Noti mai rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shiga ta yi lilo, a ja na uku ta murje masa kai, daga nan sai kurfi da guduma. Mai 9/16 kuma ya fi ƙarfin lamba 14, ya yi wa 15 kaɗan. Kafin ka sayi komai, sayi jerin sifanun inci, ka ajiye su a but ɗin motar, duk wanda zai taɓa ta da su zai taɓa. Haka wayoyinta: in mai gyaran wuta ya ce zai yaye su duka ya sa ja da baƙi, ka hana shi. Launukan karatu ne. Ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir, fara tana samun wuta in an murɗa makulli, koriya ita ma haka amma ta bi ta fiyus, baƙa ta jiki ce. Yawancin abin da ake zagin kayan Lucas, kamfanin da ya yi kayan wutar motocin nan, a kansa datti ne a bakin mahaɗa.

In bayan duk wannan an tarar gangar injin ta tsage, sai mu sake zama. Ko a lokacin ma a ajiye tsohon a ɗaki, kada ya tafi wajen masu awon ƙarfe.

Tambaya: Baba barka da aiki. Ina da Triumph Spitfire. Tun shigowar bazara take tafasa, in na shiga cunkoson Kasuwar Dole kuma ta mutu sai ta huce. An cire mata tamostat amma ba ta daina ba. Daga wani malamin makaranta, Sabon Gari.

Amsa: Barka kadai Malam. Cuta biyu ce ka haɗa a wasiƙa ɗaya. An yi motar nan a garin Coventry na Ingila, inda zafin digiri 30 labari ne a jarida, ka kawo ta garin da Afrilu da Mayu suke haura 40. Ba ta da rarar sanyi ko kaɗan, don haka komai sai ya zama daidai.

Tafasar, ina kyautata zaton lagireto ne ya toshe. Ruwan rijiya da na garuwa suna barin farin dutse a cikin bututun, irin wanda kake gani a gindin buta. Da injin ya yi zafi ka kashe shi, ka shafa saƙar lagireton da bayan hannu: inda ka ji sanyi, nan ruwa ba ya bi. Kai shi wajen masu lagireto su buɗe kan su zura tsinke bututu bayan bututu, in ya ruɓe a sake saƙar. Daga nan ruwan batir mara gishiri kawai, haɗe da maganin hana tsatsa. Mayar da tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ka nemi mai buɗewa a digiri 74, shi ne na ƙasashen zafi. A duba ɗaurin fanbel da murfin lagireto, a kuma daidaita lokacin wuta a delko, mai raba wa buji wuta, don injin da wutarsa ke makara yana ƙona kansa a banza.

Mutuwar cikin cunkoso kuwa man ne ke tafasa. Kafireto biyun nan ƙirar kamfanin SU suna zaune daidai saman bututun hayaƙi. In mota ta tsaya iska ta daina ratsawa, mai ya zama tururi kafin ya isa. Ana sa farantin kare zafi tsakaninsu, a kuma janye tiyon mai daga jikin injin. Tunda muna wajen, kwance baƙin murfin da ke saman kowane kafireto ka ɗiga baƙin mai kaɗan, ba ya son bushewa. Da hunturu ƙura kan shiga ta riƙe fistin ɗin ciki, sai a wanke da fetur da tsumma mai laushi. Kada a kusance shi da samfefa, in an kankare shi ya tashi aiki har abada.

Abu biyu da ba ka tambaya ba. Tun farkon 2006 aka daina sayar da fetur mai darma a ƙasashenmu na kudu da Sahara, kuma darmar ce ke kare mazaunin bawul a irin wannan kan inji. Yawon cikin gari ba zai yi masa komai da wuri ba, amma duk ranar da aka sauke kan, a sa masa mazauni masu tauri. Man kwalba na 'yan ruwa-ruwa kuma, in ya zama dole, a tace shi da ƙyalle. Na biyu, a ƙasan kowace ƙafar gaba ta Spitfire akwai wani gwiwar tagulla da sitiyari ke juyawa a kansa. Man giya EP90 ake ɗura masa. In aka cusa giris ya bushe da yashi, sandar kan karye, taya ta kwanta ana cikin tafiya.

Tambaya: Malam, maigidana yana da tsohuwar MG, yana so a ɗauko amaryar ɗanmu da ita daga Matamaye. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa, Garin Malam.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Damuwarki tana kan hanya. Motar gajeriya ce, bututun hayaƙinta kusa da ƙasa yake, rami ko tudun rage gudu guda ya isa ya tsinke shi, ga jerin gwanon biki da 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta ko'ina. In sitiyarinta a dama yake, direba ba ya ganin gaba in zai wuce babbar mota. Ki roƙi Alhaji a ɗauko amarya da motar da aka saba, MG ta tare su a bakin gari bayan la'asar, ta kai ta ƙofar gida. Kafin ranar ya gwada ta zuwa Mirriya ya dawo sau biyu, yana kallon agogon zafi.

Tambaya: Baba, sabbin motoci masu tambarin MG da nake gani a intanet, kayansu za su shiga tsohuwa? Daga wani ɗalibi, Zango.

Amsa: A'a ɗana, suna ne kawai ya haɗa su. An rufe masana'antar Abingdon a 1980, kamfanin MG Rover ya durƙushe a 2005, 'yan Sin suka sayi sunan, yanzu yana hannun kamfaninsu na motoci mai suna SAIC. Ko noti ɗaya ba za ka ɗauka daga sabuwar ka ɗaura a tsohuwar ba, wannan na milimita ne, waccan na inci. In za ka yi odar kaya, ka kwafi lambar shasi da ta inji daga farantan da ke ƙarƙashin bonet ka aika da su tare da shekarar motar.