In jami'o'in Malesiya na da kyau, me ya sa 'yan ƙasar ke kai 'ya'yansu waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya gama sakandare da sakamako mai kyau, har na yanke shawarar sayar da filina in tura shi Malesiya karatun injiniya. Sai wani abokina mai zuwa Kuala Lumpur sari ya ce min su kansu 'yan ƙasar Ingila da Ostireliya suke kai 'ya'yansu. Gabana ya faɗi. In mai tuwo ba ya cin tuwonsa, ni me zai sa in saya? Daga wani uba a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai yawancin abin da ke fitar da su matsalar cikin gida ce da ba ta shafi ɗanka ba.

A ranar 13 ga Mayu 1969 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Kuala Lumpur tsakanin 'yan ƙabilar Malay da 'yan asalin Sin, aka yi asarar rayuka. Bayan ƙura ta lafa, a 1971 gwamnati ta fito da sabon tsarin tattalin arziki don ɗaga Bumiputera, wato Malay da sauran ƙabilun asali, kuma guraben jami'o'in gwamnati na cikin abin da aka yi wa kaso. An soke kason a hukumance a 2002, amma har yau ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne. Akwai shirin share fage na shekara guda da ake kira matrikulasi, wanda kashi 90 cikin 100 na gurabensa na Bumiputera ne. Sauran yara mafi yawansu sai su bi ta jarabawar share fagen shiga jami'a ta STPM, mai cin shekara ɗaya da rabi, wadda ta yi suna wajen tsauri. Jami'ar UiTM, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, ba ta ɗaukar ɗan ƙasa a digirin farko sai Bumiputera. Shi ya sa kusan duk shekara jaridunsu ke ɗauko labarin yaro ɗan asalin Sin ko Indiya da ya ci komai, ya nemi likitanci, aka ba shi kwas ɗin da bai nema ba. Uban da aka yi wa ɗansa haka, in yana da hali, jirgi zai sa shi. Ni ban ga laifinsa ba.

Akwai kuma makarantun sakandare masu zaman kansu na al'ummar Sin, kimanin 60, masu ba da tasu takardar kammala sakandare mai suna UEC. Shekaru da dama gwamnatin tarayya ta ƙi karɓar ta a matsayin takardar shiga jami'o'inta, alhali jami'o'in Singafo da Taiwan da Ingila suna karɓa.

Su ma Malay ɗin suna fita, amma sau da yawa da kuɗin hukuma. Hukumomin gwamnati na JPA da MARA da kamfanin mai na Petronas sun daɗe suna ɗaukar nauyin ɗalibai, kuma tun 1982 firaministan lokacin, Mahathir Mohamad, ya fara tura matasa Japan da Koriya ta Kudu. Gidajen da ke son ilimin addini kuwa Azhar da Jodan suke nufa, kamar namu.

Sai batun albashi. Dalar Singafo ɗaya ta haura ringit 3, wato kuɗin Malesiya, ga Singafon kuma tsallaken gada ne kawai daga jihar Johor ta Malesiya. Rahoton Bankin Duniya na 2011 ya ƙiyasta 'yan Malesiya mazauna waje sun kai kusan miliyan ɗaya, fiye da rabinsu a Singafo. Iyaye da yawa ba digiri kaɗai suke saya ba, hanyar zama a wata ƙasa suke nema wa yaron.

Ga inda labarin ya shafe ka. A rikicin kuɗi na 1997 ringit ya faɗi daga kimanin 2.5 a dala zuwa fiye da 4, iyaye da dama suka kasa biyan kuɗin Landan da Melbourne. Da ma dokar 1996 ta buɗe wa jami'o'i masu zaman kansu ƙofa, sai na waje suka zo da kansu suka buɗe rassa: Monash ta Ostireliya a 1998, Curtin ta Ostireliya a garin Miri a 1999, Nottingham ta Ingila a 2000. Kwalejoji kuma suka faɗaɗa tsarin da yaro zai yi shekara biyu a gida ya ƙarasa ta uku a Ingila, ko ya yi duka a gida ya karɓi takardar can. Abin da suka gina don ragin kuɗi shi ne yanzu ake sayar wa baƙi.

Don haka ban hana ka ba, Alhaji, amma kar ka biya dillali ko kwabo sai ka ga sunan kwas ɗin da idonka a rajistar MQA, hukumar tantance kwasa-kwasan manyan makarantun Malesiya. Tunda injiniya ne, ka tabbata EAC, majalisar tantance kwasa-kwasan injiniya ta ƙasar, ta amince da shi. Ka fara da jami'o'in gwamnati, irin su UTM a Johor, USM da Jami'ar Malaya. Bizar ɗalibi ta hannun EMGS, hukumar kula da ɗalibai baƙi, take bi, kuma ana iya bin sawunta ta intanet. Abin da ya fi damuna shi ne filin nan. Doka ta ba ɗalibi baƙo damar aikin sa'a 20 kacal a mako, shi ma a lokacin hutu, don haka yaron ba zai iya riƙe kansa ba. In kuɗin filin bai kai shekara huɗu a dala ba, har da haya da tikiti, ka dakata tukuna.

Tambaya: Malam, 'yata likitanci take so. Malesiya ko Masar? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, su ma 'yan Malesiya Masar da Rasha da Indiya suke zuwa likitanci, saboda guraben gwamnati kaɗan ne, na masu zaman kansu kuma akwai tsada. Likitoci sabbin gamawa sun yi musu yawa har gwamnati ta koma ɗaukar su da kwantiragi a 2016, a Yulin 2021 kuma suka fita zanga-zanga. Ke nan 'yarki ba za ta sa ran aiki a can ba. Ni Masar zan zaɓa mata, don kusanci da sauƙin kuɗi. Duk inda ta yi, jarabawar MDCN, majalisar likitocin Najeriya, na jiran ta a gida, saboda haka ki tambayi majalisar matsayin makarantar kafin ki biya kuɗin zangon farko.