Akwatin ɓacewa ko littafi? Amsoshin tambayoyin 'yan dabo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Unguwar Rogo, Jos. Shekara biyu ke nan ina wasan dabo a bukukuwan suna da na yaye ɗalibai. Na tara naira dubu 200, kuma na ga wani akwati a intanet da ake sa mutum ciki ya ɓace. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka saya tukuna. Na san yawancinmu Farfesa Peller muke hange, wanda ya yi tashe da manyan wasanni kafin a kashe shi a Ibadan a 1997. To amma irin wannan akwati na babban dandamali ne. Yana son mataimaki horarre, da fitilu, da tazara, kuma 'yan kallo su kasance ta gabanka kaɗai. Kai kuwa a ƙarƙashin rumfar suna kake, yara sun kewaye ka, wasu ma a kan katanga. Kafin ka gama sallama asiri ya tonu, ga kuɗin dako da na kwastan sun tafi.

Fara da littafi. Ka nemi The Royal Road to Card Magic na Jean Hugard da Frederick Braué, wanda ya fito a 1948. Daga yadda ake riƙe karta ya faro, kowane babi kuma a kan na bayansa aka ɗora shi, don haka kada ka yi tsallake. Sai Mark Wilson's Complete Course in Magic na 1975, mai tarin zane-zane: igiya, hankici, kofuna da ƙwallaye, har da manyan wasannin dandamali a ƙarshensa. Ranar da ka isa yin akwati, sai ka ɗauki zanen ka kai wa kafinta a kasuwar Katako ya ƙera maka daidai tsawon mataimakinka. Da Turanci aka rubuta su, amma zanen yana sauƙaƙa abin ƙwarai.

Abin da ya sa nake nacewa shi ne, akwati wasa ɗaya zai ba ka, littafi kuwa gommai. Bidiyo yana sa ka kwaikwayi hannun wani. Littafi yana gaya maka dalili: ina idon jama'a yake a daidai lokacin da yatsanka ke aiki, me za ka faɗa don su kalli fuskarka.

Ragowar kuɗin ka sayi kartar Bicycle, dozin guda in da hali. Tun 1885 ake buga ta a Amurka, kuma in ka kara ta a haske za ka ga 'yan ƙananan ramuka a jikin takardar, su ke sa ta sulɓi. Ka kula da yanayin garinmu. Da damina tana shan danshi ta kantare, sai ka riƙa mayar da ita kwalinta. Da hunturu kuwa tafin hannu kan bushe ƙayau har karta ta riƙa zille maka. Ɗigon gilisarin ɗaya ka murza, ka goge da tsumma kafin ka fito.

Tambaya: Malam, ina wasa teburi-teburi a wuraren biki a Abuja. Na yi odar babban yatsan roba, irin wanda ake sawa a kan yatsa don ɓoye abu a ciki, ya zo fari fat, bai yi kama da fatata ba. Sannan wane littafi ne na wasan sulalla?

Amsa: Ɗan'uwa, ana yin masu duhun launi, ka tambayi mai sayarwa kafin ka biya. Amma girma ya fi launi muhimmanci: ya zauna a kan gaɓar farko, ya bar fili a ciki. Kuma kan yatsan ake nuna wa mutane, hannu yana motsi, ba gefensa ba.

Littafi kuwa, Modern Coin Magic na J. B. Bobo, 1952. Matsalar ita ce yawancin wasanninsa da rabin dalar Amurka aka tsara su, mu kuma sulalla sun bar hannun mutane, baƙon tsaba kuwa da ganinsa sai zargi. Ka koyi riƙon da sulai, sannan ka mayar da shi kan marfin kwalbar lemo, ko zoben ango, ko goro. Goron da ya ɓace a tafinka ya fito daga hular kawun amarya ya fi kowace dala tasiri. Wasan yaga takardar naira kam ka bar shi, sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana wulaƙanta kuɗi.

Tambaya: Mahaifina ya ce tsafi nake koyo, ya hana ni.

Amsa: Ɗana, kada ka yi masa musu. Ka kai masa littafin, ka buɗe shafin, ka yi wasan a gabansa a hankali har ya ga inda kartar ta bi. A fagen wasa ma ka riƙa faɗa tun farko cewa saurin hannu ne da horo. Batun hukunci kuma, ku je tare wajen malamin da Baba ya yarda da shi, ka tafi da kartar da littafin.