Amsa ga Dakta kan Buenos Aires: ka tsare mini yammacin Alhamis

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Dakta, na saurari saƙonka tun da safe, sai yanzu Allah ya ba ni zama. Ka ce za ka je baje kolin dabbobi na La Rural a Buenos Aires cikin watan Yuli, kana da rarar kwana uku bayan an tashi, kana kuma tambayar wuraren tarihi da ya kamata ka gani. Ni na san ka tun muna makaranta, don haka na san abin da ke ƙarƙashin tambayar nan: so kake wani ya ba ka izini ka tafi filin ƙwallon Boca Juniors ka ɗauki hoto, ka dawo ka ce mana ka ga Ajantina. Za ka je, ba ni da ikon hana ka, amma kafin nan akwai wuri ɗaya da lokaci ɗaya da nake so ka tsare, ko da kuwa sai ka saci jiki daga baje kolin.

Wurin shi ne Plaza de Mayo, dandalin da ke tsakiyar tsohon gari, kuma zuwansa ba ya buƙatar ɗan jagora. A bakin ƙofar La Rural akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai suna Plaza Italia, ka shiga layin D, kada ka sauka sai tasha ta ƙarshe, wato Catedral, kana haurowa sama ga ka a dandalin. A nan Juan de Garay ya kafa garin karo na biyu a 1580, bayan wanda Pedro de Mendoza ya kafa a 1536 ya watse saboda yunwa da yaƙi da mutanen ƙasar. Farin ginin da za ka gani a yamma shi ne Cabildo, majalisar gari ta zamanin mulkin Sifaniya, inda aka ture wakilin sarki aka naɗa gwamnatin 'yan ƙasa ranar 25 ga Mayu, 1810, kuma daga wannan watan dandalin ya samo sunansa. Ka ƙirga ƙofofinsa masu bakan gizo, za ka samu biyar a jere, alhali da goma sha ɗaya ne. An yanke uku ta wannan gefe, uku ta wancan, don a fitar da tituna. A gabas kuma fadar shugaban ƙasa ce, Casa Rosada, mai launin ruwan hoda, wadda ake cewa a da jinin shanu ake gauraya wa farar ƙasa a shafe ta, labarin da na san zai yi wa likitan dabbobi daɗi. A barandarta Maradona ya ɗaga kofin duniya a 1986, ka ga ko ta nan ma ka fara samun abin da kake nema. Babbar majami'ar gari tana gefen arewa da ginshiƙai goma sha biyu a gabanta, a cikinta kabarin Janar José de San Martín yake, jagoran yaƙin 'yancin ƙasar, wanda ya rasu a Faransa a 1850 aka dawo da gawarsa a 1880, sojoji biyu na tsaye a kansa cikin kayan zamaninsa. Nan ne kuma kujerar Jorge Bergoglio kafin ya zama Fafaroma Francis a 2013.

Duk waɗannan gine-gine ne, kowace rana ka je za ka same su. Abin da ya sa nake nanata lokaci shi ne, ranar Alhamis da ƙarfe uku da rabi na yamma iyaye mata da ake kira Madres de Plaza de Mayo suke zagaya 'yar farar hasumiyar da ke tsakiyar dandalin, wadda suke kira dala ko da yake ba ta yi kama da dalar gyaɗa ba. Sojoji sun yi juyin mulki a watan Maris na 1976, suka riƙe ƙasar har 1983, kuma a tsakanin nan ana zuwa gida ko wurin aiki a ɗauke mutum, ba kotu, ba gawa, ba wanda zai ce ya gan shi. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsu ta tattara sunaye kusan dubu tara, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna cewa adadin ya kai dubu talatin. Ranar 30 ga Afrilu, 1977, mata goma sha huɗu da suka gaji da yawo daga ofishin 'yan sanda zuwa bariki suka taru a gaban fadar suna neman labarin 'ya'yansu. Doka ta hana taro, 'yan sanda suka ce musu ba a tsayawa a nan, su yi gaba, su kuwa sai suka kama hannun juna bibbiyu suka fara zagaye, domin mai tafiya ba a ce ya yi taro ba. Farin ɗankwalin da aka san su da shi asalinsa nafkin ɗin yadi ne irin wanda suka ɗaura wa waɗannan 'ya'yan suna jarirai. Shugabarsu ta farko, Azucena Villaflor, ita ma an ɗauke ta a Disambar wannan shekara, aka jefa ta teku daga jirgin sama, ba a tantance gawarta ba sai 2005, kuma tokarta tana binne a gindin hasumiyar da suke zagayawa.

Yanzu bari in faɗa maka dalilin da ya sa nake ɗaga murya a kan maganar ɗan jagora. Zuwana na farko, masu shirya taronmu sun ɗauko mana motar safa da wani mai rakiya, aka ce za a nuna mana gari, kuma ranar Alhamis ce. Mun iso dandalin wajen ƙarfe uku, mutumin nan ya ba mu minti goma sha biyar, ya nuna fadar da yatsa, ya nuna majami'a, ya fara tafa hannu yana kora mu mota kamar mai koran awaki. Ina hawa na hango tsofaffin mata da farin ɗankwali suna saukowa daga wata ƙaramar mota ana riƙe musu hannu, na tambaye shi su wane ne, ya ce mini harkar siyasa ce kawai, ba abin da ya shafi baƙo. Ina ya kai mu? Shagon sayar da kayan fata, inda muka zauna fiye da awa biyu ana ba mu shayi ana gwada mana riguna, shi kuma yana tsaye kusa da mai karɓar kuɗi yana lissafin kamashonsa da ido. Dakta, ni da na girma ina shaƙar warin majema a Kano, ni ne za a ɗauko tun daga Najeriya, a ƙetare teku da ni, a hana ni ganin abin da babu irinsa a ko'ina, a kai ni kallon fata? Abin haushin ma shi ne na saya, domin kunya ta hana ni fita hannu rabbana bayan na sha shayin mutane, kuma kwat ɗin nan ban sa shi sau uku ba, tunda ko a tsakiyar hunturu nauyinsa ya fi ƙarfin sanyinmu. Yana nan rataye a bayan ƙofa, uwargida ta yi ta neman ba da shi ina hanawa, ban ma san dalilin da ya sa nake hanawa ba. Sai da na dawo gida na karanta labarin matan nan, sannan na gane girman abin da mutumin ya raba ni da shi saboda kuɗin da ba su taka kara sun karya ba.

Zuwana na biyu ni kaɗai na tafi, na isa da wuri na zauna a kan benci. A kan daɓen da ke kewaye da hasumiyar an zana hoton ɗankwalin da farin fenti, ɗaya bayan ɗaya har zagaye ya cika, mutane na takawa suna wucewa wurin aiki. Da lokaci ya yi sai ga su, 'yan kaɗan ne suka rage, wasu a keken guragu jikoki na turawa, kowace da hoton saurayi ko budurwa a ƙirjinta, hoton baƙi da fari, mai shi bai kai shekarun ɗanka na fari ba. Wani yana kiran sunayen waɗanda suka ɓace ɗaya-ɗaya ta lasifika, jama'a na amsawa da kalmar da ɗalibi yake faɗa idan malami ya kira sunansa a aji, wato yana nan. Ba na jin Sifaniyanci, amma wannan ban nemi tafinta ba. Abin bai wuce rabin awa ba aka watse. Idan zuciyarka za ta ɗauka, washegari ka je ESMA, tsohuwar makarantar sojojin ruwa da aka tsare mutane kusan dubu biyar a cikinta, yanzu gidan tarihi ce, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2023.

Sauran kuma da ƙafa za ka yi su. Daga dandalin ka bi Avenida de Mayo, za ka wuce Café Tortoni da aka buɗe tun 1858, layin shiga yakan yi tsawo, in ka ga haka ka leƙa ka wuce. Idan ka fito babban titin 9 de Julio za ka hango Obelisco, hasumiyar da aka gina a 1936 don cikar shekara 400 da kafa garin na farko, tsawonta mita 67 da rabi. Hoto ɗaya ya ishe ka, domin ba ta da wani abu bayan tsawo. Gidan wasan Teatro Colón na 1908 yana kusa, shi kam ya cancanci ka biya a zagaya da kai ciki. Maƙabartar Recoleta, wadda aka buɗe a 1822, za ta ba ka mamaki a matsayinka na wanda ya saba da kabarin ƙasa da itace: tituna ne da ɗakunan marmara masu ƙofar gilashi, har kana hango akwatunan gawa a jere. Masu kuɗi sun ƙauro wannan yanki ne bayan annobar shawara ta 1871 ta kore su daga unguwar San Telmo. Kowa kabarin Eva Perón, matar tsohon shugaban ƙasa Juan Perón, yake nema, kuma za ka iya wuce shi ba ka sani ba, domin a wani siririn lungu yake da sunan danginta, Duarte. Ta rasu a 1952 tana da shekara 33, sojoji suka sace gawarta bayan sun kifar da mijinta a 1955, aka binne ta a Milan ta Italiya da sunan ƙarya, ba ta shiga wannan ɗakin ba sai 1976.

To, unguwar La Boca ɗinka. Ka je da rana, ka tsaya a Caminito inda gidajen kwano masu launi-launi suke da kewayen La Bombonera, filin Boca Juniors, kada ka kutsa lungunan baya da waya a hannu. Idan sun ji daga Najeriya kake za su tuna maka cewa wasan ƙarshe da Maradona ya buga wa ƙasarsu da mu ne a 1994, kai kuma ka tuna musu wasan ƙarshe na Olympics a Atlanta 1996 da muka ci su uku da biyu, ka yi shiru daga nan.

Maganar Juma'a ba ta da wahala, domin Masallacin Sarki Fahd yana Palermo, tafiyar ƙafa ce daga La Rural. Saudiyya ce ta gina shi a filin da gwamnatin Carlos Menem ta bayar, aka buɗe shi a 2000, kuma a can za ka tambayi inda ake samun naman halal. Ka kiyayi tsiren hanji da suke sawa a burodi a bakin titi, akwai alade a ciki. Yuli tsakiyar sanyinsu ne, saboda haka in kana so ka zo ka karɓi kwat ɗin nan aro, ya koma ya ga garinsu. Na so in yi maka bayanin canjin kuɗi, amma abin yana sauyawa, bari in bar shi, ka tambayi masu masaukinka. Ka dai duba kalanda yau ɗin nan ka ga inda Alhamis ta faɗo, kuma in ka je ka turo mini hoton ɗankwalin da ke kan daɓen, nawa ya tafi da tsohuwar wayata. Wassalam.